Filin Tambayoyinku: Malama, me yaranmu suka koya a satin nan?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo mana a kwanakin nan da yawansu a kan 'yan aji uku na firamare ne, malamai sun rubuto iyaye ma sun rubuto, kuma kowa kuka yake da ɗan'uwansa, malami na cewa iyaye sun sakar masa yara ba sa ko leƙowa, iyaye na cewa ba a gaya musu komai sai in za a karɓi kuɗi. Shi ne na ce bari in haɗa guda huɗu wuri ɗaya in amsa. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko

Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati a bayan gari nan Kano, aji uku nake riƙe da shi, yara 84 ne a rajista ta. Matsalata iyaye, wallahi zango guda zai wuce ban ga ƙeyar kowa ba sai ranar da aka raba rifot, ranar ne uba zai zo yana huci wai ya aka yi ɗansa ya zo na sittin da wani abu, me muke yi a makarantar. Ina so in dinga sanar da su duk sati abin da muka yi amma ba ni da kuɗin fotokofi, rabinsu kuma ba su da babbar waya, wasu ma ba sa karatun boko. Ya zan yi dan Allah?

Amsa

Wa'alaikissalam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri da kika damu har kika zauna kika rubuto. Yara 84 ba wasa ba ne, tsarin ilimi na ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ya ce a firamare, kinga ke aikin mutum biyu da ɗoriya kike yi, don haka duk abin da zan faɗa miki sai na auna shi da wannan, ba zan ɗora miki abin da zai kai ki sati uku ki gaji ki ajiye ba.

Uban nan da yake zuwa yana huci, kar ki ga laifinsa sosai. Zango wajen sati goma sha biyu ne zuwa sha uku, shi a duk tsawon lokacin nan abin da ya sani kawai yana ba da kuɗin tara da safe, yaro ya saɓa jaka ya fita ya dawo da yunwa, in an tambaye shi ya makaranta ya ce lafiya lau. Rana ɗaya sai ga takarda da jan biro. A lokacin kuma babu sauran abin da zai iya yi, zangon ya riga ya tafi, sai faɗan kawai ya rage masa. Da a sati na uku ya ji cewa yaron bai gane debewa mai aro ba, da akwai sati tara ko goma a gaba da za a yi wani abu.

Kuma aji uku ba kamar sauran azuzuwa yake ba, ni na koyar da shi shekaru da dama na sani. Shi ne ƙarshen matakin farko na shekara tara ɗin nan na ilimin tushe da dokar UBE ta 2004 ta ce kyauta ne kuma dole. Daga aji huɗu littattafai sun ɗauka yaro ya riga ya iya karatu, rubutu ya yi yawa a shafi, Turanci ya ƙara nauyi, ba wanda zai sake tsayawa yana ba, be, bi, bo, bu da shi. Yaron da ya tsallake aji uku bai iya haɗa gaɓa ta zama kalma ba, shi ne za ki gani a bencin baya ya yi shiru yana kwafar allo kamar mai zane, rubutu tsaf amma bai san me ya rubuta ba, haka zai yi ta tafiya har aji shida. Shi ya sa wannan tunanin naki ya zo daidai inda ake buƙatarsa.

To yanzu ga yadda na ga yana yiwuwa ba tare da kin kashe ko sisi ba. Abin da za ki faɗa wa iyaye ai kin riga kin rubuta shi, yana cikin sikim ɗinki da lesin not ɗin da hedimasta yake sa wa hannu, kowane sati da abin da aka ware masa. Amma kar ki kwafo kan darasin yadda yake a littafi, wannan yaren malamai ne, uba zai ji ya ce to, ya wuce. Juya shi za ki yi ya koma abin da yaro ya kamata ya iya yi a gaban mahaifinsa. Ki sa kowane yaro ya ware bayan littafin rubutunsa guda ɗaya, ya fara daga fallen ƙarshe yana dawowa, nan ne wurin saƙon gida. Ranar Alhamis minti goma kafin a tashi ki rubuta layi huɗu ko biyar a allo da Hausa, su kwafa. Na ce Alhamis saboda Juma'a ranar gaggawa ce, ana tashi da wuri, hankalin yara ya riga ya tafi gida. Kwafar ma ai darasin rubutu ce, ba ki yi asarar minti goman ba. Misali ki rubuta musu kamar haka:

Sati na 4. Lissafi: mun koyi debewa mai aro. A tambaye ni, in aka cire 27 daga 52 nawa ya rage? Amsa 25. Hausa: mun koyi bambanta k da ƙ, in karanta muku baki da baƙi, kasa da ƙasa. Sati mai zuwa agogo za mu yi. A sa hannu a nan.

Shi ke nan fa, kar ki ƙara. Ki lura na sa amsar a ciki, da gangan ne, don uwar da ba ta yi boko ba ma ta iya riƙe 25 a kanta ta ji ko abin da yaro zai faɗa ke nan. In ya ce 35, ke da kike malama kin san abin da ya faru, ya ga 2 ba za ta ba da 7 ba sai ya juya ya cire 2 daga 7, bai yi aro ba, kuma wannan kuskuren shi ne ya fi yawa a ajin. Kinga tambaya ɗaya ta nuna ainihin inda gizo yake saƙar. Wannan ya fi a rubuta wai yaro ya ƙara ƙoƙari, ƙoƙari a kan me?

Sa hannun kuma kar ki tsananta, wanda zai iya ya sa, wadda ba za ta iya ba ta ja layi ko ta dangwala, wanda ajami ya iya ya rubuta sunansa da ajami, yayan yaro ɗan sakandare ma ya isa in shi ya zauna da shi. Ranar Litinin ba ke za ki bi littafi 84 ba, ki sa monita ɗaya a kowane layin benci ya duba ya gaya miki waɗanda ba a sa musu ba. Kuma dan Allah kar a daki yaro a kan ba a sa masa hannu ba, wani maraya ne a hannun kaka, wani ubansa na Legas ci-rani, in kika dake shi sati mai zuwa da kansa zai ja layin a hanya, kin koya masa ƙarya ke nan kuma kin rasa labarin da kike nema. Wanda aka yi sati uku a jere ba a sa masa ba, wannan gidan ne ya kamata ki aika a kira miki wani babba.

Akwai yaran da za ki ga sun kasa kwafar layi huɗun ma, har a kaɗa ƙararrawa suna layin farko. Kar ranki ya ɓaci, su ne waɗanda kike nema tun farko, ki rubuta sunansu a gefe, ki sa na kusa da su ya taya su ranar, ki san da su za ki fara in kin sami sarari.

Maganar waya. Ga waɗanda suke da WhatsApp, saƙon murya na minti ɗaya ya fi rubutu nesa ba kusa ba, ki karanta abin da ke allon kawai da bakinki ki tura. Ni na fi son ki yi burodkas maimakon guruf, yana ɗaukar mutum har 256, kowa saƙon zai shigar masa shi kaɗai kuma in ya ba da amsa ke kaɗai za ki gani, sai dai sharaɗinsa dole su adana lambarki a wayarsu in ba haka ba ba zai isa ba, don haka ki sa yara su rubuta lambar a bangon littafin. Amma wayar ƙari ce kawai, littafin shi ne asali, don wayar a aljihun uba take yana kasuwa tun safe sai bayan isha, littafin kuwa har ɗakin uwa yake shiga, ita ce kuma take ganin yaron in ya dawo.

Kafin ki fara ki sami hedimasta ki gaya masa, kar ya ji a bakin iyaye. Ki roƙe shi ya kai maganar zaman kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, tunda akwai iyaye maza da mata da mai unguwa a ciki, in da hali liman ya ɗan faɗa bayan sallah cewa duk mai ɗa a aji uku ya dinga duba bayan littafi ran Alhamis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Satin farko ƙila mutum ashirin ne za su kula, kar wannan ya sare miki gwiwa, abin da yake jawo sauran shi ne su ga ba ya fashi. Abu na ƙarshe da zan roƙe ki, kar ki taɓa sa maganar kuɗi a wannan shafin, ko na tsintsiya ne ko na alli, ranar da kuɗi ya shiga ranar za su daina buɗewa.

Tambaya ta biyu

Salamu alaikum Hajiya. Ɗana ne yake rubuta min wannan, babban. Ni kayan miya nake sayarwa a Gusau, allo na yi na sauke amma ban yi boko ba. Ƙaramin yana aji uku, kullum in na ce me aka koya muku sai ya ce ba komai, ko ya rera min wata waƙar Turanci. In ya ɗauko littafi yana karantawa da sauri kamar ya iya amma raina bai kwanta ba. Ina jin nauyin zuwa wajen malaminsu kar in yi tambayar da za a raina ni. Yaya zan san ko yana koyo?

Amsa

Wa'alaikassalam Malam, Allah ya sa albarka a kasuwa, ya shirya mana zuri'a. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani ai ya san karatu, ya kuma san bambancin mai hadda da mai duba baƙi, to wannan sanin naka shi za ka yi aiki da shi, kuma zargin da ranka yake yi yana da tushe. Yaran aji uku da yawa haddace shafi suke yi saboda an yi ta maimaitawa da amshi a aji, suna ganin hoton da ke sama sai su zubo shi gaba ɗaya, ido ma ba ya kan rubutun.

Ga yadda za ka gane. Ka zaunar da shi ya karanta yana bi da yatsa, kamar yadda ake bin allo da tsinke. In baki ya riga yatsa, ko ya gama faɗa yatsa na tsakiyar shafi, hadda ce. Sai ka rufe hoton da tafin hannunka, ka ɗora yatsa kan wata kalma a can ƙasa ka ce wannan fa, ka koma sama ka nuna wata, yayansa na gefe yana gaya maka ko daidai ne. Sannan ka sa yayan ya rubuta wata magana da ba ta cikin littafi, wadda kai ka faɗa da bakinka, kamar a ce Baba ya sayo tattasai da albasa a kasuwa, ka miƙa wa ƙaramin ya karanta, tunda kai ka faɗi maganar ka san abin da ya kamata ka ji. Akwai wata hanyar gwaji da ta samo asali daga Indiya wajen wata ƙungiya mai suna Pratham, an kawo ta wasu jihohinmu na Arewa, su hawa-hawa suke duba yaro, shin harafi kawai yake ganewa, ko yana karanta kalma, ko ɗan gajeren sakin layi, ko labari sukutum. Kai ma haka za ka yi a tabarmarka, ka ga a wane hawa ya tsaya, shi ne abin da za ka je wa malami da shi.

Lissafi kuwa ai fagenka ne, ka fi malamin ma saurin sa. Ɗan aji uku ya kamata ya san lamba har ɗaruruwa, ya yi tarawa da debewa da su, ya fara sau, ya san rabi da kwata, ya san kuɗi da agogo. Ka ce masa mai saye ya ba ni 500 ya ɗauki kayan 350, nawa ne canjinsa. Ka kasa tumatir kashi huɗu kowane kashi guda uku ka ce duka nawa, ka ga ko zai ce 12 kai tsaye ko sai ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, in ƙirgawa ya yi ba laifi ba ne, yana hanya, amma ka san sau bai zauna ba tukuna. Sai dai ka sa ya rubuta a takarda ma, don yaranmu da yawa sun iya canji da ka saboda aike, amma in aka rubuta musu lambar sai su rikice, malami kuma a takarda yake gwada su.

Tambayar me aka koya muku ka daina ta, ta yi wa yaro faɗi, ba komai ita ce amsa mafi sauƙi. Ka ce buɗe min inda kuka rubuta yau, ka duba ko shafin na ƙaruwa daga jiya zuwa yau, ka duba ko akwai jan biron malami a jiki, wannan ba sai ka iya boko ba. Littafin da aka yi sati biyu ba alamar biro a ciki yana da magana.

Zuwa makaranta kuma Malam ka cire wannan nauyin, wallahi babu malamin kirki da zai raina uban da ya baro kayansa a kasuwa ya zo tambayar karatun ɗansa, mu da muka yi aikin irinku muke addu'ar gani. Ka je lokacin tara ko dab da tashi, kar ka shiga ana tsakiyar darasi, ka gaisa da hedimasta tukuna, ka ce wa malamin ga abin da na gani a gida, kalma yake karantawa amma ba ya iya haɗa layi, me zan dinga sa shi yi. Ka ba shi lambarka ka roƙe shi ko a sati sau ɗaya ya gaya wa yaron abu guda da za a tambaye shi a gida. Kuma ka gaya wa mahaifiyarsa duk abin da kuka yi, ita za ta riƙe maka abin ranar da ka yi dare.

Tambaya ta uku

Anti ni tawa matsalar daban ce. 'Yata tana aji uku a makarantar kuɗi a Kaduna, muna da guruf na iyaye, saƙo kam ba a magana, hotuna, ranar kaza a sa kaya kala kaza, tunin kuɗin makaranta, ga wasu iyaye da tallan atamfa da turare. Duk Juma'a suna turo takarda shafi biyu da Turanci mai nauyi, ni da na yi digiri ma in na gama karantawa ban san me yarinyar ta koya ba. Abin da ya fi ci min rai satin da ya wuce malamar ta turo makin gwaji da sunan kowa a guruf, tawa tana can ƙasa, har wata ta kira ni wai jaje. In yi magana ko in yi shiru?

Amsa

Ki yi magana 'yar'uwa, amma ba a guruf ba. Zuba makin yara da sunayensu a gaban iyaye sama da talatin kuskure ne, ko da malamar da kyakkyawar niyya ta yi don a zaburar da mutane. Yarinya 'yar shekara takwas ko tara in ta ji ƙawayenta sun san makinta daga wayar iyayensu, abin da za ta koya shi ne ɓoye littafi da ƙin ɗaga hannu a aji. Makin yaro tsakanin malami ne da gidansu. Kuma ba maganar kara kawai ba ce, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba bayanan yara kariya ta musamman, hotunan nan ma da ake ta watsawa ya kamata a ce an tambaye ku tun farkon shekara. Ki sami malamar ke da ita, cikin mutunci, ki ce kin gode da ƙoƙarinta amma kina roƙo a dinga turo wa kowa nasa shi kaɗai. In ba ta ji ba sai ki je wajen shugabar makaranta, kuma ki tabbata akwai wasu iyayen da abin ya yi wa ciwo suka yi shiru.

Takardar Juma'a mai shafi biyu kuma na san irinta, an rubuta ta ne don makaranta ta burge, ba don uwa ta yi aiki da ita ba. Ki karanta amsar da na ba malamar Kano a sama, abin da za ki nema ke nan, ki ce a ƙara muku layi uku a saman takardar, me yaro ya kamata ya iya yi yanzu, wace tambaya ɗaya za a yi masa a gida, me za a shiga sati mai zuwa. Kuɗi kuke biya, wannan ba alfarma ba ce. Guruf ɗin ma ki ba da shawara a kulle shi ya zama admin kaɗai ke turawa, masu hira da talla su buɗe nasu daban, don saƙon malama yana nutsewa ne a ƙarƙashin barka da Juma'a guda arba'in.

Amma kar ɓacin ran ya sa ki manta da ainihin maganar, yarinyar ta faɗi gwajin. Ki karɓo takardar gwajin kanta ki duba, ba makin ba. In lissafi ne ki ga ko lissafin ne bai zauna ba ko kuwa Turancin tambayar ne ba ta gane ba, ki karanta mata tambayar da Hausa ki ga ko za ta amsa, sau da yawa a makarantun kuɗi nan matsalar take, yaro ya san abin amma harshen ya tare masa hanya, kuma maganin wannan daban ne da na wancan.

Tambaya ta huɗu

Hajiya ni malami ne a ƙauye a jihar Bauchi. Na gwada aika saƙo gida, na rubuta wa wani uba cewa ɗansa bai iya karatu ba har yanzu, washegari yaron ya zo da shatar bulala a bayansa, tun ranar ko kallona ba ya yi. Na daina aikawa gaba ɗaya. Na yi daidai?

Amsa

Malam na ji zafin wannan har raina, kuma na san kai ma shi ya hana ka sukuni har ka rubuto. Amma dainawa gaba ɗaya ba ita ba ce, abu biyu ne suka haɗe maka. Saƙon sati na aji ne duka, iri ɗaya ga kowa, babu sunan kowa babu laifin kowa, wannan ka ci gaba da shi. Labarin cewa wani yaro yana baya kuwa ba a ba yaron ya kai da hannunsa, kuma ba a rubuta shi, baki da baki ake yi. Uban da ya ga bai iya ba a takarda, abin da ya fahimta shi ne yaron ya yi laifi har an kawo ƙara, sai ya yi abin da ya san ana yi wa mai laifi.

A ƙauye kake, ka san gidan, ka san inda uban yake zama da yamma. Ka je ka same shi, in kana ganin mai zafi ne ka tafi da wani dattijo cikin 'yan kwamitin makaranta. Ka fara da abin da yaron ya iya, kuma ya zama gaskiya, ko da zuwa da wuri ne ko iya ƙirge, sannan ka ce akwai haruffa kaza da suke ba shi wuya, ni zan zauna da shi lokacin tara, ku kuma a gida a bar shi ya karanta wa wani layi biyu kullum bayan magariba, kuma ka faɗa masa ƙarara cewa duka ba ya sa harafi ya shiga, tsoro yake ƙarawa. Ka roƙe shi alkawari a kan haka kafin ka tashi.

Shi kuma yaron yana ganin kai ka kai shi aka dake shi, sai ka gyara wannan da kanka. Ka kira shi gefe ba a gaban 'yan aji ba, ka ce masa ba don a dake shi ka rubuta ba kuma ba za ka sake ba shi irin takardar ba. Ka nemo kalmomi biyar da ka tabbata zai iya, ku yi ta yi har su zauna, ran Alhamis ka rubuta a bayan littafinsa da hannunka cewa yau ya karanta kalma biyar daidai, a sa ya karanta muku, ka ba shi ya kai gida.